KWAƊON DA ZA A SA WA BAKIN JAMA'A, WA ZAI RIƘE MABUƊINSA?

Tun daga 2015 zuwa yau, babu wata Majalisar Tarayya da ta zauna wadda ba a kawo mata maganar sa wa dandalin sada zumunta linzami ba. Duk sa'ad da maganar ta taso sai ƙasa ta rabu biyu. Mahukunta su ce ƙarya da zagi sun yi yawa a Facebook da WhatsApp da TikTok da Twitter, wanda yanzu ake kira X, saboda haka tilas a yi doka. Lauyoyi da 'yan jarida da samarin Ikko kuwa su ce sam, so ake yi a toshe bakin jama'a.

A tsakanin waɗannan ɓangarori biyu akwai wani mutum da ba a cika tambayarsa ra'ayinsa ba, alhali kuwa shi ne ya fi kowa shiga haɗari ko wace hanya aka bi. Wannan mutum shi ne baƙo, watau ɗan Arewa mai sayar da tumatir a Mile 12, da mahaucin Agege, da mai goro a Shagamu, da ɗan canji a Sabon Badun, da mai gadi a Fatakwal, da yaron da ke yawo da akwatin wankin takalmi a titunan Anacha. Da shi nake magana yau.

Ra'ayina, tun kafin mu yi nisa, shi ne wannan: ɓarnar da ake yi da waya gaskiya ce, kuma a kanmu take fara sauka. Amma maganin da Gwamnati ta yi ta kawowa har yanzu manya yake karewa, bai kare baƙo ba. Don haka kada zafin abin da ake yi mana ya sa mu miƙa wa mai mulki kwaɗo da mabuɗi gaba ɗaya.

ƁARNAR GASKIYA CE

Wanda duk ya ce babu illa cikin abin da ake yaɗawa a waya, to bai taɓa kwana a garin da ba nasa ba ranar da aka ce an kashe ɗan gari. Cikin watan Yuni na 2018, lokacin da aka yi kashe-kashe a Barikin Ladi ta Jihar Filato, an yi ta yaɗa waɗansu munanan hotuna a Facebook ana cewa daga can aka ɗauko su. Binciken da BBC ta yi daga baya ya nuna cewa ɗaya daga cikin bidiyon ba ma a Nijeriya aka ɗauke shi ba, a Kwango Barazabil ne, tun 2012. Amma kafin a gane haka matasa sun riga sun tare hanya, sun jawo matafiya daga cikin motoci sun kashe. Waɗannan bayin Allah ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Haka kuma cikin watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo guda ya tashi ƙasar nan da tsakar dare, wai a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Daga Ikko har Maiduguri mutane suka tashi suna dama gishiri, waɗansu suka kwanta asibiti, waɗansu ma suka rasa rayukansu.

Na kusa da mu kuwa shi ne na Sasa, a Badun, cikin watan Fabrairu na 2021. Abin ya faro ne daga cacar baki tsakanin wani ɗan dako da wata mai shago a kan kayan da suka zube a ƙofar shagonta. Wani mai gyaran takalmi ya shiga tsakani, aka buge shi, ya rasu a asibiti. Kan ka ce kwabo labari ya zagaye wayoyi, kowa da irin gishirin da ya ƙara masa. Aka ƙone kasuwa da gidaje, aka yi asarar rayuka, mutanen da suka haifi 'ya'ya da jikoki a Sasa suka ɗaure kaya suka hau manyan motoci. A Arewa kuma hotunan suka isa, waɗansu na gaskiya waɗansu na bogi, masu neman a rama suka fara kumfar baki. Sai da gwamnonin Arewa huɗu suka zo Badun suka zauna da Gwamna Seyi Makinde, kuma sai da fataken abinci da na shanu suka daina sauko da kaya Kurmi na 'yan kwanaki, kafin ƙura ta lafa.

Saboda haka idan wani Minista ya tashi ya ce magana zarar bunu ce, kuma wayar hannu ta sa bunun ya zama mai kama wuta, ba mu da ta cewa. Mu ne shaida. Inda muka rabu da shi shi ne wajen magani.

TO, WA AKA KARE?

Bari mu duba abin da Gwamnati ta yi da ikon da ta samu. Ran 1 ga watan Yuni, 2021, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya yi wani gargaɗi a Twitter ga masu ƙone ofisoshin zaɓe da na 'yan sanda a Kudu maso Gabas, inda ya tuna musu da yaƙin basasa. Kashegari kamfanin ya goge saƙon, ya ce ya saɓa wa ƙa'idarsa. Ran 4 ga wata Ministan Watsa Labarai, Alhaji Lai Mohammed, ya ba da sanarwar dakatar da Twitter a Nijeriya har illa ma sha Allahu. Abin dariya, a Twitter ɗin ma'aikatarsa ta buga sanarwar. Babban Lauyan Gwamnati, Abubakar Malami, ya ce a gurfanar da wanda duk ya keta umarnin, kana aka hana gidajen rediyo da talabijin amfani da dandalin.

Gwamnati ta ce ba don saƙon Shugaba kaɗai ta yi haka ba, ta ce ana amfani da Twitter wajen neman wargaza ƙasa, ta kuma yi ƙorafin cewa kamfanin ya daɗe yana ƙyale saƙonnin Nnamdi Kanu. Wannan ƙorafi yana da ƙamshin gaskiya. Amma mai hankali zai tambaya: shekara nawa ana zagin ƙabilu a wannan dandali, ana kiran a kori wannan a kashe wancan, ba a rufe shi ba? Wata huɗu kacal kafin nan aka ƙone Sasa, ba a rufe ko taga ba. Sai ranar da aka taɓa maganar mutum guda.

Kwana 222 dandalin ya yi a rufe, sai ran 13 ga Janairu, 2022 aka buɗe shi. Me aka samu cikin waɗannan kwanaki? A cikinsu ne aka kwashe ɗaliban kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri. A cikinsu ne aka tare matafiya a hanyar Rukuba ta Jos, cikin watan Agusta, suna komawa Jihar Ondo daga Bauci, aka kashe fiye da ashirin. Masu ilmin boko da 'yan siyasa kuwa ba su ko yi kwana guda ba su shiga ba, gama sun sa wa wayoyinsu dabarar nan ta ɓad da sawu da ake kira VPN, suka ci gaba da harkarsu. Ƙananan 'yan kasuwa masu tallan kayansu a dandalin su suka sha wuya. Daɗin daɗawa, jita-jitar da ke cin mu ba ta Twitter take bi ba. Ta saƙon murya na WhatsApp take bi, da shafukan Facebook, waɗanda rufewar ba ta ko shafe su ba. Daga bisani, cikin watan Yuli na 2022, kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, ta yanke hukunci cewa rufewar ta saɓa wa doka, ta kuma tauye 'yancin faɗar albarkacin baki.

SASHE BIYU, DOKA ƊAYA

Akwai wani abin da ya kamata kowane ɗan ci-rani ya sani. Dokar hana laifuffuka ta intanet wadda aka sa wa hannu a 2015 tana da sashe biyu da suka shafi magana. Sashe na 26 ya haramta yaɗa ƙiyayya ko yi wa mutum barazana saboda ƙabilarsa ko asalinsa ko addininsa, hukuncinsa kuwa yana iya kai ɗaurin shekara biyar ko tarar Naira miliyan goma. Wannan shi ne sashen baƙo, shi ne garkuwar Bahaushe a Aba da ta Inyamuri a Sabon Garin Kano. Sashe na 24 kuwa, yadda aka fara rubuta shi, ya haramta aika saƙon da zai ɓata wa wani rai ko ya ci masa mutunci, da ɗaurin da zai iya kai shekara uku ko tarar Naira miliyan bakwai.

To ya kai mai karatu, wanne ka fi jin labarinsa a bakin 'yan sanda? Na 24 ne ya yi suna, domin shi ne sandar da manya suke ɗauka idan an taɓa su. Cikin watan Nuwamba na 2022 aka ɗauke wani ɗalibi daga Jami'ar Tarayya ta Dutse aka kai shi Abuja saboda 'yan kalmomin da ya rubuta game da uwargidan Shugaban Ƙasa ta lokacin, sai da ƙasa ta ɗauki zafi kana aka janye ƙarar. A cikin watan nan dai wata kotu a Kano ta sa aka yi wa waɗansu samari biyu masu barkwanci a TikTok bulala ashirin-ashirin, saboda sun taɓa Gwamna Ganduje. A 2023 aka kama wata mata a nan Ikko aka wuce da ita Abuja don ta rubuta cewa wani tumatirin gwangwani ya cika zaƙi. An yi wa sashe na 24 gyara a watan Fabrairu na 2024, aka rage masa faɗi, amma cikin watan Mayu na shekarar 'yan sanda suka tsare ɗan jarida Daniel Ojukwu fiye da mako guda bisa wannan doka.

Ba na cewa zagi abu ne mai kyau. Tarbiyyarmu ba ta yarda yaro ya zagi sa'an ubansa ba, ko a waya ko a fili. Amma a dubi saurin da ake yi wajen nemo mai zagin babba, a kwatanta da nawar da ake yi wajen nemo wanda ya fito da fuskarsa a bidiyo ya ba wata ƙabila wa'adin barin gari. Na'urar da ta iya gano ɗakin ɗalibi a Dutse ba ta makance ba ranar da ake kiran a ƙone zango.

Shirye-shiryen dokar da aka yi ta kawowa Majalisar Dattawa ma hanyarsu ke nan. Na Sanata Bala Ibn Na'Allah na 2015 an janye shi a 2016 saboda ƙin jama'a. A 2019 Sanata Mohammed Sani Musa ya kawo nasa, wanda ya tanadi tarar Naira 300,000 ko ɗaurin shekara uku ga mai yaɗa ƙarya, ya kuma ba 'yan sanda ikon sa a toshe wa mutane hanyar shiga shafi. A shekarar ne kuma Sanata Aliyu Sabi Abdullahi ya kawo nasa na kalaman ƙiyayya, har da hukuncin rataya a ciki. Dukansu sun maƙale. Tambayar da ta kashe su guda ce, kuma har gobe ba a amsa ta ba: wa zai ce wannan magana ƙarya ce? Idan wanda ake zargi shi ne zai yanke cewa zargin ƙarya ne, ai an ba kura ajiyar nama.

Dattawa daga cikinmu sun san ba yau aka fara ba. A 1973, a Fatakwal, aka aske kan ɗan jarida Minere Amakiri aka yi masa bulala ashirin da huɗu, don ya buga koke-koken malaman makaranta ranar da Gwamnan soja yake bikin haihuwarsa. A 1984 aka yi Dokar Soja mai lamba 4, wadda sunanta ma ya faɗi aikinta, watau kare ma'aikatan Gwamnati daga zargin ƙarya. Da ita aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda-guda. Da jarida ake yi a da, yanzu an koma waya. Bambancin kawai shi ne, a da mai alƙalami kaɗai abin yake shafa, yau kuwa kowane mai shayi da ke da waya a aljihu ya zama ɗan jarida, saboda haka sandar tana iya sauka a kan kowa.

RANAR DA AKA KASHE LAYI

Mu mazauna Kurmi mun ɗanɗani rufewa fiye da kowa, ko da yake ba ta Twitter ba. A farkon watan Satumba na 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta sa kamfanonin waya suka kashe layi a dukan Jihar Zamfara, bisa roƙon Gwamna Bello Matawalle, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu rahoto. An ce na mako biyu ne. Sai abin ya bazu zuwa waɗansu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato da Kaduna, a waɗansu wurare har ya ɗauki watanni.

Niyyar mai kyau ce, ba a musu. Amma a tambayi Bazamfaren da ke dako a Apapa yadda ya kwana a waɗannan watanni. Bai san ko mahaifiyarsa na raye ba. Kuɗin cefane da ya saba turawa ta waya ya tsaya, sai dai ya nemi direban da ya yarda da shi ya ba shi saƙo, kamar zamanin kakanni. An yi rasuwa an yi sadakar uku ba a ji ba. Kuma a cikin wannan duhu ne aka afka wa kasuwar Goronyo cikin watan Oktoba, aka kashe mutane da dama. Wanda aka kai wa hari ba shi da hanyar kiran ɗauki, 'yan'uwansa na nesa ba su da hanyar yin kuka a madadinsa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Sa'an nan a dubi ɗaya fuskar. Cikin watan Maris na 2025 aka tare mafarauta 'yan Jihar Kano a Uromi ta Jihar Edo, suna kan hanyarsu ta komawa gida yin Sallah daga wajen Fatakwal. Aka ga bindigoginsu na farauta, aka yi musu ihun masu satar mutane, aka kashe goma sha shida. Ba waya ce ta fara wannan ihu ba, baki ne. Abin da waya ta yi shi ne ta hana a binne maganar. Bidiyon ya fita, duniya ta gani, gani kuwa ya kori ji. Shugaban Ƙasa ya yi magana, aka yi kame, Gwamnan Edo Monday Okpebholo ya tashi takanas ya je Kano ta'aziyya. Ko shari'ar ta gamsar ko ba ta gamsar ba wata magana ce daban. Amma da a ce akwai wani jami'i mai ikon cewa a goge wannan bidiyo don kada ya ta da hankali, da sai dai mu ji an ce an kashe waɗansu ɓarayi a hanya, shi ke nan.

Haka ma yaran nan da aka kwaso daga Kano da Kaduna bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta na 2024. Wata uku suna tsare, kusan an manta da su. Ran 1 ga Nuwamba aka kawo su Babbar Kotun Tarayya a Abuja, waɗansu suka yanke jiki suka faɗi don galabaita. Hotonsu ya zagaye wayoyi, cikin kwana uku Shugaba Tinubu ya ba da umarni a sake su. Ɗan talaka ba shi da lauya, ba shi da jarida, ba shi da ɗan'uwa a Majalisa. Wannan 'yar waya ita ce kaɗai ƙofar da kukansa yake fita.

JITA-JITA TA GIRMI WAYA

Masu cewa a rufe dandali a huta sun manta da watan Yuli na 1999. Lokacin babu Facebook, babu WhatsApp, wayar hannu irin ta yanzu ma sai 2001 ta shigo. Duk da haka rigimar Shagamu ta isa Kano cikin 'yan kwanaki, a bayan manyan motocin da suka kai gawawwaki da masu rauni, aka kuma far wa Yarabawan da ba su san kome ba. Haka aka yi ta Ketu a watan Nuwamban shekarar, aka yi ta Idi-Araba a 2002. Babu dandalin da za a ɗora wa laifi a waɗannan.

Abin da ke ciyar da jita-jita abu biyu ne: shirun hukuma, da sanin cewa wanda ya kashe baƙo ba ya gamuwa da hukunci. Idan abu ya faru da safe, 'yan sanda ba su ce uffan ba sai bayan kwana biyu, to maƙaryaci ya riga ya cika gurbin. Idan kuma mutane sun saba ganin an kafa kwamitin bincike an watse ba a hukunta kowa ba, za su gaskata mai cewa a ɗau fansa, domin ba su ga wata hanya ba. Waya ta ƙara wa jita-jita gudu, wannan haka yake. Amma ta kuma ƙara wa gaskiya gudu, in an sami mai faɗinta da wuri.

DOKAR DA ZA MU YARDA DA ITA

Kada a ɗauka cewa ina kiran a bar kowa ya yi abin da ya ga dama. Tsarin Mulki na 1999, wanda sashensa na 39 ya ba mu 'yancin magana, shi ne kuma sashensa na 45 ya yarda a taƙaita 'yancin domin tsaron ƙasa da zaman lafiyar jama'a, muddin dai ta hanyar doka aka bi, doka kuma wadda ta dace da mulkin farar hula. Ba kuma ina wanke kamfanonin ba ne. Suna zaune a Amurka suna kwasar kuɗin talla daga ƙasar nan, kuma abin da ya fi tunzura mutane shi ya fi kawo musu masu kallo. Lokacin binciken BBC na 2018, mutum huɗu kacal ne aka ware aikinsu shi ne tantance labaran ƙarya na Facebook a Nijeriya, ƙasar da masu amfani da shi suka kai miliyan 24 a lokacin. Wannan raini ne.

Ga abin da nake ganin ya kamata mu nema. Na farko, kada Minista ko Kwamishinan 'Yan Sanda ko wata hukuma ta sami ikon rufe dandali ko kashe layi da bakinta kawai. A je gaban alƙali, a faɗi dalili a fili, a sa iyakar kwanaki, a kuma bar wa wanda abin ya shafa damar ɗaukaka ƙara.

Na biyu, a raba zagi da tunzurawa. Babban da aka ɓata wa suna ya ɗauki lauya ya kai ƙara ya nemi diyya, kamar kowa, ba ya aika motar 'yan sanda ba. Ƙarfin hukuma a ajiye shi domin mai kiran a zubar da jini, ko wane ne shi, ko daga wace ƙabila. Sashe na 26 yana nan, a karkaɗe masa ƙura.

Na uku, a matsa wa kamfanonin su buɗe ofis a ƙasar nan, su ɗauki isassun ma'aikata masu jin Hausa da Fulatanci da Yarabanci da Ibo, waɗanda suka san habaici da zambo, domin na'ura ba ta gane mai cewa a yi shara alhali mutane yake nufi. Kuma an riga an ga cewa ana iya kama kamfani ba tare da an toshe bakin jama'a ba. A watan Yuli na 2024 hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 saboda yadda yake sarrafa bayanan 'yan Nijeriya, kotun ɗaukaka ƙarar irin waɗannan al'amura kuma ta tabbatar da tarar a watan Afrilu na 2025. Ba a kashe wa ko mutum ɗaya waya ba.

Na huɗu, hukuma ta koyi saurin magana. Ranar da rigima ta tashi a kasuwa, kafin azahar a ji daga bakin 'yan sanda, cikin harsunan mutanen da abin ya shafa, abin da ya faru da wanda aka kama.

NAMU AIKIN

Saura mu. Ba daidai ba ne mu yi ta nuna wa waɗansu yatsa kamar namu hannun a wanke yake. Cikin watan Yuni na 2017 gamayyar waɗansu ƙungiyoyin matasan Arewa ta zauna a Kaduna ta ba Inyamurai wa'adin barin Arewa kafin 1 ga Oktoba, har wata waƙar ƙiyayya ta biyo baya tana yawo a wayoyi. Masu wa'adin suna kwance a gidajen iyayensu. Wa ya kasa barci? Mu da ke Aba da Anacha da Inugu da Umuahiya. An janye wa'adin a watan Agusta, amma darasin yana nan: kowace kalmar wuta da aka hura a Arewa, hayaƙinta a idonmu yake sauka, kamar yadda wadda aka hura a nan take sauka a idon baƙin Sabon Gari.

Saboda haka ina kira ga Sarakunan Hausawa na garuruwan Kurmi, da shugabannin kasuwanni da na tasha, da limamanmu, su ɗauki wannan a matsayin aikinsu. Kowane zango ya sami mutum biyu ko uku amintattu waɗanda za a tuntuɓa kafin a gaskata labari, masu lambar Baale ko Igwe na unguwa da ta babban ɗan sandan yanki. Kai kuma ɗan'uwa, idan saƙon murya ya iso maka ana cewa ana kashe mutanenmu a wuri kaza, a tura wa kowa, dakata tukuna. Wa ya faɗa? Yaushe? Kana da wanda ka sani a garin? Kira shi. Idan gaskiya ne, ajiye hoton, kai wa shugabanni da lauyoyi da 'yan jarida, shaida ce. Idan ba ka tabbata ba, bar shi ya mutu a wayarka. Musamman kada ka tura wa samarin gida abin da zai sa su taɓa baƙonsu, gama kai ma baƙon wani ne.

Sa'an nan idan 'yan Majalisarmu sun zo neman goyon baya, ko suka sake ɗauko shirin dokar nan, wanda lalle za su sake ɗaukowa, kada mu tafa don kawai mun ji an ce za a hukunta masu zagin Arewa. Gwamnati ba ta tabbata a hannun mutum guda. Kwaɗon da ka taya ƙerawa yau don naka ne a kan kujera, gobe yana hannun wanda ba ka zaɓa ba. Mu tambaye su abu uku: wa zai riƙe mabuɗin, alƙali ko Minista? Wa dokar za ta kare, mai rawani da mai muƙami ko mai dako? Kuma ranar da aka zalunce mu a bakin hanya, za ta bar mu mu nuna wa duniya? Wanda ya amsa waɗannan da kyau mu bi shi. Wanda ya yi ta kewaye-kewaye, mu ce masa mun gode, a kai kasuwa.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowane matafiyi gida lami lafiya.